Awa Ɗaya a Gaban Gorila: Yadda Za Ku Shirya Tafiya Kurmin Bwindi Ku Kaɗan

Tun kafin ku fara tara kuɗi, ya kamata ku san abin da za ku saya. Awa ɗaya ce. Za ku keta ƙasashe a jirgi, ku wuni a mota, ku hau dutse cikin taɓo har gwiwa ta fara rawa, sannan ma'aikacin gandun daji ya dubi agogonsa ya ce an fara lissafi. Minti sittin na cika zai ce a juya, ko da a lokacin ne ɗan gorila ya fara wasan da kuke so ku ɗauka. Wanda bai yarda da wannan ciniki ba, gara ya kai kuɗinsa bakin teku ya huta.

Wurin da nake magana shi ne kurmin Bwindi, a kudu maso yammacin Yuganda, daf da iyakar Kwango. Faɗinsa murabba'in kilomita 321 ne kacal, amma tsauni ne bisa tsauni, daga mita 1,160 a kwari har mita 2,607 a ƙololuwa. An mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1991, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1994. A ƙidayar 2018 an samu gorilar dutse 459 a wannan kurmi da ɗan yankin Sarambwe da ya haɗe da shi ta ɓangaren Kwango. Duk duniya a lokacin 1,063 ne, sauran suna tsaunukan Birunga da Ruwanda da Kwango da Yuganda suka raba. Babu ko ɗaya a gidan zu, don irin wannan ba ya rayuwa a keji.

Kada a rikita shi da goggon da ke ƙwace wa baƙi leda a Yankari. Wancan ɓarawo ne mai wutsiya da rashin kunya. Wannan ba shi da wutsiya, babban namijinsa kan kai kilo 180, ganye da ɓawo da tsiron gora yake ci, kuma yawancin yini bai damu da kowa ba. Mu ma a Najeriya muna da namu irin a tsaunukan Afi da Mbe da Okwangwo a Jihar Kuros Riba, waɗanda ba su kai 300 ba har da na ɓangaren Kamaru, amma ba a sabar da su da mutane ba, masu bincike kansu sai su shekara ba su sa su a ido ba. Shi ya sa mai son gani da idonsa sai ya nufi gabas.

Mataki na farko: ku haɗa ayari, ku naɗa madugu

Dokar kurmin ita ta yanke adadin: mutum takwas kawai ake bari su ziyarci iyalin gorila ɗaya a rana, sau ɗaya. Ba a shiga da wanda bai kai shekara 15 ba. Saboda haka maganar a cika bas da 'yan uwa da yara ba ta taso ba.

A ganina mutum shida ne daidai. Motar da ake wannan tafiya da ita, doguwar Land Cruiser, tana ɗaukar shida kowa da tagarsa, kuma kuɗin mota da mai da direba ɗaya ne ko ku biyu ne ko ku shida. In kun kai takwas kuna iya samun iyali guda ku kaɗai, amma sai mota biyu. In ku shida ne za a cike muku da baƙi biyu, wannan ba matsala ba ce.

Fataken da ba su tashi sai da madugu, ku ma ku yi haka. Mutum ɗaya ne zai riƙa magana da kamfanin yawon buɗe idon da zai shirya muku tafiyar, wani daban ya riƙe kuɗi yana rubuta shiga da fita a inda kowa ke gani. Adashi na wata goma ko shekara ya fi a ce kowa ya kawo nasa a dunƙule, kuma ku riƙa mayar da abin da aka tara dala tun da wuri, tunda da dala za a biya izini.

Akwai maganar da ake jin nauyin yi, amma dole madugu ya yi ta: ƙarfin jiki. Ayari da tafiyar mafi rauninsa yake tafiya. Mai ciwon gwiwa, mai hawan jini, mai asma, mai juna biyu, kowa ya faɗi gaskiya kuma ya ga likita. Wata biyu kafin tashi a fara tattaki, a riƙa hawa bene da jaka a baya. Mutumin Kano ko Maiduguri da ya saba da ƙasa shimfiɗaɗɗiya zai sha mamakin yadda numfashi ke yankewa a mita dubu biyu. Tsufa bai hana zuwa ba, don akwai kujerar da matasa ke ɗaukar mutum a kai har wurin, amma tana da tsada kuma sai an yi odarta tun kafin ranar.

Mataki na biyu: izini kafin tikiti

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Sai su sayi tikitin jirgi, su kama masauki, sannan su nemi takardar izinin ganin gorila, a ce musu ranar ta cika. Izini ne ke da iyaka, jirgi kullum yana tashi. Hukumar kula da namun daji ta Yuganda, UWA, ita ke bayar da shi, kuma kowanne yana ɗauke da suna da lambar fasfo da rana da yanki.

A jadawalin kuɗin da ya fara aiki a Yulin 2024, baƙo daga wajen Afirka yana biyan dala 800, ɗan wata ƙasar Afirka da ba ta cikin Ƙungiyar Gabashin Afirka kuwa dala 500. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana ko Kamaru yana cikin wannan rukuni na biyu. Ku faɗa wa kamfani haka tun a saƙon farko, don wasu da sun ji baƙo daga waje sai su lissafa masa farashin Bature. Ku kuma nemi jadawalin da ke aiki a shekarar da za ku tafi. Don kwatance, a Ruwanda farashin baƙo daga wajen Afirka dala 1,500 ne.

Bwindi yana da ƙofofi huɗu, kuma iyalai sama da ashirin da aka sabar da mutane sun rarrabu a tsakaninsu. Buhoma a arewa ita ce tsohuwa, a nan aka fara kai baƙi a 1993 wurin iyalin Mubare, kuma ta fi sauran ƙasa-ƙasa da yawan masaukai. Ruhija a gabas tana can sama, sanyinta ba wasa, masu kallon tsuntsaye sun fi sonta. Rushaga a kudu ta fi yawan iyalai, don haka an fi samun gurbi. Nkuringo kuwa ta matasa ce: daga kan tudu za ku gangara kwari, bayan kun gama gajiya kuma ku hau ku dawo.

Ku riƙe wannan da kyau: masaukinku ya kasance a yankin da izininku ya nuna. A taswira Buhoma da Rushaga kamar maƙwabta ne, amma a mota sai an kewaye dutse, awa huɗu ko fiye a kan hanyar ƙasa. Wanda ya kwana a wancan ɓangare ya makara, izininsa ya tafi.

Lokacin da ruwa ke sauƙi shi ne Yuni zuwa Agusta, da Disamba zuwa Fabrairu, kuma nan ne gurbi ke ƙarewa da wuri, sai a nema tun wata shida kafin. Maris zuwa Mayu da Satumba zuwa Nuwamba ruwa ya fi yawa, hanya ta fi santsi, masaukai kan rage farashi. Amma kurmi ba shi da rani irin namu, ko a Yuli ana iya tsuga muku ruwa da tsakar rana. Ku kuma duba kalandar Musulunci, don hawan Bwindi da azumi a baki ba dabara ba ce.

Mataki na uku: zaɓen kamfani

Ta hannun kamfanin yawon buɗe ido na can za ku sayi izini. Ku nemi wanda ke da lasisin hukumar yawon buɗe ido ta Yuganda, in kuma yana cikin ƙungiyar kamfanonin da ake kira AUTO, ya fi. Ku duba sunan a shafin ƙungiyar da kanku, kada ku tsaya ga tambarin da suka manna a Instagram.

Ku yi masa tambayoyi a rubuce. Su wa ke da masaukin da zai sauke ku, kuma ma'aikatansa 'yan yankin ne? In ɗayanku ya tashi da mura ranar shiga, me zai yi? Wannan tambaya ta biyu ita ce ke tona asiri. Kamfanin da ya ce kada ku damu, za a san yadda za a yi ya shige, ku rabu da shi nan take. Haka wanda ya yi alkawarin za ku taɓa gorila ko ku matsa kusa don hoto.

A biya kafin alƙalami ta asusun kamfani, ba asusun wani mutum ba, kuma bayan biya ku nemi hoton rasit ɗin UWA mai ɗauke da ranarku da yankinku. Farashin da ya yi ƙasa da kuɗin izini da mota da kwana in an haɗa, akwai lauje cikin naɗi.

Mataki na huɗu: takardu, lafiya, hanya

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Yuganda, ana cikewa a intanet, dala 50. Akwai kuma bizar haɗin gwiwa ta dala 100 da ke shigar da mutum Yuganda da Kenya da Ruwanda. Katin rigakafin cutar shawara dole ne, ana dubawa a filin jirgi. Ku ga likita game da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, kada ku ce ai mun saba. Ku ɗauki inshorar tafiya da ta haɗa da kwashe mara lafiya.

Ku bi labarai kafin ku tashi. Yuganda ta yi fama da Ebola a 2022 da farkon 2025. Ta fuskar tsaro, a 1999 'yan tawayen Ruwanda sun kashe baƙi takwas a Bwindi, abin da ya sa aka ƙara tsaron kurmin sosai tun daga lokacin, kuma a Oktoban 2023 an kashe baƙi biyu da jagoransu a gandun Sarauniya Elizabet da ke arewa da shi. Dubban mutane na zuwa kowace shekara su koma lafiya, amma yankin iyaka ne, ba a tafiyar dare.

Hanya biyu ce. Ta farko a sauka Entebbe, inda babban filin jirgin Yuganda yake. Kamfanin jirgin Yuganda ya fara zuwa Legas a 2023, Abuja a 2024, na Habasha kuma kan bi da mutum ta Adis Ababa. Daga Entebbe zuwa kurmin wajen kilomita 500 ne, awa tara zuwa goma ta Masaka da Mbarara. Tafiyar ba ta gundura: a Kayabwe za ku tsaya kan layin da ya raba duniya biyu, bayan Mbarara kuma ga shanun Ankole masu ƙahon da ko Bororo ya gani sai ya tsaya ya ƙare musu kallo. Masu hali kan hau ƙaramin jirgi zuwa Kihihi in Buhoma za su, ko Kisoro in kudu za su. Hanya ta biyu a sauka Kigali, babban birnin Ruwanda, a tsallaka iyaka ta Cyanika ko Katuna, awa huɗu zuwa biyar ga wanda izininsa na Rushaga ko Nkuringo ne. In ta nan za ku bi, ku bar ledoji a gida, Ruwanda ta haramta su tun 2008.

Dalolinku su zama sababbin bugu, daga 2013 zuwa yau, ba yagewa ba rubutu, in ba haka ba za a ƙi karɓa. Ku canja wasu zuwa sulen Yuganda tun a birni, don da shi za ku biya 'yan dako ku yi sayayya a ƙauye.

Sai maganar ibada, wadda kamfani ba zai tuna muku ba. Mun saba da fuskantar gabas, amma a Yuganda alƙibla arewa take, da ɗan karkata zuwa gabas. Agogonsu ya riga na Najeriya da awa biyu. A Kampala masallatai birjik, har da babban masallacin ƙasa da ke kan tudun Tsohuwar Kampala, amma a ƙauyukan gefen Bwindi Musulmi kaɗan ne kuma ana cin alade. Ku sanar da masauki tun kafin ku zo, ko ku tsaya ga kifi da wake da ƙwai. Ba za ku ji yunwa ba: akwai matoke, wato dafaffiyar ɗanyar ayaba, akwai fosho wanda tuwon masara ne sak, ga dankalin Turawa da ƙasar Kigezi, wato yankin da kurmin yake, ta shahara da shi. Ɗan yaji da kilishi a jaka ba laifi, amma a masauki za su tsaya.

Mataki na biyar: kaya

Takalmin hawan dutse mai riƙe idon sawu, wanda kuka riga kuka saba da shi a gida, don sabon takalmi a Bwindi ƙafa zai ɓare. Dogon wando, riga mai dogon hannu, doguwar safa da za a cusa ƙafar wando a ciki saboda kwarkwasa. Kwarkwasar kurmi in ta hau mutum sai ya tuɓe a gaban surukinsa. Safar hannu irin ta masu aikin lambu, don za ku riƙa cafke rassa kuma akwai ganye mai ƙaiƙayi da ƙaya. Rigar ruwa, rigar sanyi don dare da asuba, ruwan sha lita biyu a gorar da ake sake cikawa, takunkumin fuska biyu ko uku. Launin kaya ya zama mai duhu-duhu, kore ko ruwan ƙasa, amma ban da mai kama da kakin soja.

Mata ba sai sun bar suturarsu ba. Riga mai kai gwiwa a kan wando mai faɗi, da ƙaramin hijabi da za a cusa cikin riga, sun wadatar. Dogon hijabi da abaya ƙaya za ta kama su a kowane taku, kuma a gangare mai santsi haɗari ne.

Mataki na shida: ranar shiga

Wajen ƙarfe bakwai da rabi za ku hallara a ofishin gandun da fasfo. A nan ake bayani, a raba mutane ga iyalai. Madugu ya gaya wa shugaban ma'aikata gaskiyar ƙarfin ayarinsa, don sukan yi ƙoƙarin bai wa masu rauni iyalin da ya kwana kusa. Tun da asuba masu bin sawu sun riga sun shiga. Gorila kan yi sabuwar sheƙa ta ganye kowane dare, don haka daga inda suka kwana jiya ake bin karyayyun rassa da kashi har a cim musu, sannan a kira jagoranku ta rediyo. Tafiyar na iya zama minti arba'in, tana iya zama awa biyar. Masu bindigar da ke rakiya saboda giwayen kurmi suke, in ta kama su harba sama.

Ku ɗauki ɗan dako, kowa da nasa, ko da jakar ba ta da nauyi. Wajen dala 20 ne. Na san akwai mai cewa shi namiji ne, zai ɗauki kayansa. Ba maganar jarumta ba ce. Waɗannan matasa, maza da mata, 'yan ƙauyukan gefen kurmin ne, bi da bi suke samun aikin, wasunsu a da tarko suke ɗanawa a cikinsa. Kuma in aka kai gangaren da ƙafa ba ta tsayawa, hannun ɗan dakon nan shi za ku nema.

Yanzu ga abin da ya fi komai nauyi a wannan jagora. Mutum yakan shiga kurmi yana tsoron gorila, alhali gorila ne ya kamata ya ji tsoronsa. Halittar jikinsu ta yi kusa da tamu ƙwarai, kusan kashi 98 cikin ɗari na ƙwayoyin gado iri ɗaya ne, don haka cutarmu tana kama su, su kuwa ba su da garkuwarta. A 1996 ƙazwa ta ɓarke a wani iyali a Bwindi har jariri ya mutu, kuma likitar dabbobi Gladys Kalema-Zikusoka, wadda ta yi jinyarsu, ta danganta abin da mutanen ƙauyukan da gorilar ke shiga gonakinsu. Wannan ne ya kai ta ga kafa ƙungiyar da ke haɗa lafiyar mutane da ta gorila a 2003. A 2009 a Ruwanda wata ƙwayar cutar numfashi ta mutane ta shiga wani iyali, wata babbar mace da wani jariri suka mutu. Mace kuwa sai kamar bayan shekara huɗu take haihuwar ɗa ɗaya. Ku auna abin da mura ɗaya za ta iya yi wa dabbar da duk duniya ba ta wuce dubu da 'yan kai ba.

Saboda haka wanda ya tashi da tari, mura, zazzaɓi ko gudawa, ya faɗa wa ma'aikata ya zauna. Na san zafin dala 500. Shi ya sa nake ba da shawara ayari ya yi yarjejeniya tun a gida: in ɗaya ya kasa shiga don rashin lafiya, sauran za su haɗa masa wani abu daga asarar. Da wannan alkawari ba wanda zai haɗiye maganin mura a ɓoye ya bi sahu.

Idan aka kusa, za a ce ku ajiye jaka da sanda da abinci wurin 'yan dako, ku sa takunkumi. Tazarar da aka daɗe ana faɗa mita bakwai ce, tun bayan korona kuma ana cewa goma. Su gorila ba su san doka ba, musamman yara, sukan taho da kansu. In haka ta faru ku ja baya a hankali, kada ku miƙa hannu. Ba ci, ba sha, ba tofar da yawu, ba filashar kyamara, magana ƙasa-ƙasa. Atishawa in ta zo, a juya baya a rufe fuska da gwiwar hannu. Ku tsaya a gungu ɗaya, kada ku kewaye su. Za ku ji jagora yana wani gurnani a maƙogwaro, da shi yake gaya musu lafiya ce ta kawo ku. Wannan aikinsa ne, kada ku kwaikwaya, kada kuma wani ya ce zai buga ƙirji.

Babban namijin, mai furfurar baya, wani lokaci yakan taso da ihu yana karya rassa. Kusan kullum barazana ce. Ku tsaya inda kuke, ku durƙusa, ku sunkuyar da kai, kada ku haɗa ido da shi. Gudu ne kuskure.

Wata shawara da ba ta cikin doka: ku ɗauki hoto minti goma sha biyar, sannan ku sauke waya. Ku dubi yadda uwa ke tsefe ɗanta, yadda babban ke zare ɓawon reshe da yatsu kamar mai gyaran rake. Wani bincike da aka buga a 2021 kan hotunan da baƙi suka ɗora a Instagram ya gano mafi yawansu sun matsa ƙasa da mita huɗu. Irin hoton nan shi ke sa na baya ya matsa wa jagora lamba shi ma a bar shi. In kun dawo, ku ɗora wanda ke nuna tazara da takunkumi.

In bayan gida ya matsa a cikin kurmi, a gaya wa jagora, zai haƙa rami mai zurfin kamar santimita 30 a binne. Duk abin da kuka shiga da shi ku fito da shi, har ɓawon ayaba da tsohon takunkumi.

Mataki na bakwai: inda kuɗinku zai kwana

Doka ta ce kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shiga gandu a mayar wa ƙauyukan da ke kewaye. Amma ku lura, kuɗin shiga ƙaramin yanki ne na farashin izini, sai kuma dala goma da ake cirewa daga kowane izini. Mutanen yankin, Bakiga, manoma ne da suka cika kowane tudu har bakin itatuwan kurmin, layin a miƙe kamar an ja da wuƙa. Gorila da giwa kan fito su cinye musu ayaba. Akwai 'yan sa-kai da ke kora su, a Nkuringo kuma an shuka ganyen shayi a tsakani saboda gorila ba ya cin sa. Manomin da aka cinye wa gona, in bai ga komai daga baƙi ba, me zai sa ya ƙaunaci dabbar?

An ga amsar a Yunin 2020. Korona ta rufe gandun, baƙi suka ɗauke, sai wani da ya shiga farautar ƙananan namun daji ya soke Rafiki, babban namijin iyalin Nkuringo, da mashi. An yanke masa shekara 11, amma Rafiki bai dawo ba.

Don haka ku ƙara kwana ɗaya bayan ganin gorila, ku kashe kuɗi a ƙasa. Ku sauka a masaukin da al'umma ke da hannu a ciki, akwai irinsa a Buhoma tun farkon buɗe gandun. Ku sayi kwando da zuma da kofi daga hannun masu yi, kada ku yi musu irin tayin Kantin Kwari. Ban da duk abin da aka yi da fata ko haƙori ko gashin naman daji. Tukuicin masu bin sawu kada a manta da shi, su ne suka fita tun duhu kuma sai yamma za su dawo. Ku koyi kalma biyu ta Rukiga, harshen Bakiga: "agandi" gaisuwa ce, "webare" godiya.

Yara za su biyo mota suna ɗaga hannu. Kada ku jefa musu alewa ko kuɗi ta taga, don haka ake koya wa yaro barin aji ya tsaya bakin hanya. Mai niyyar sadaka ya kai makaranta ko asibitin al'umma da ke Buhoma, a rubuta a ba shi rasit. Gidan marayun da ke fito da yara su yi wa baƙi rawa kuwa, ni ba na zuwa, ba na kuma ba da shawarar a je.

Akwai mutanen da ba za a yi maganar Bwindi a tsallake su ba, wato Batwa. Su ne asalin mazauna kurmin, da farauta da zuma suka rayu a cikinsa tun kaka da kakanni. Da aka mayar da shi gandu a 1991 aka fitar da su, ba fili ba diyya, suka koma 'yan ƙwadago a gonakin wasu. Sai a 2021 kotun tsarin mulkin Yuganda ta yanke cewa an zalunce su kuma gwamnati na da alhakin gyarawa. Za a tallata muku ziyarar Batwa, inda dattawansu ke nuna yadda ake haɗa wuta da itace biyu, da magungunan daji, da ɗiban zuma. Ziyarar tana da daraja in su ne ke gudanar da ita. Ku tambaya kai tsaye: wa ke karɓar kuɗin, nawa ke isa hannun waɗanda suka yi aikin? In direba ne kawai zai tsaya a bakin wasu bukkoki a tara mutane su yi waƙa a ba su canji, ku ce a wuce. Kuma kada a ɗauki hoton kowa sai an nemi izininsa.

Komawa

Kada ku sa jirginku a ranar da za ku baro kurmin. Ruwan dare ɗaya kan zubo da ƙasa ya toshe hanyar dutse, babbar mota ɗaya in ta kafe kowa ya tsaya. Ku kwana a Entebbe ko Kigali, ko ku huta a bakin tafkin Bunyonyi kusa da Kabale, washegari ku ƙarasa. Ku wanke taɓon takalma kafin ku sa a akwati. Ku shanye maganin sauro har ƙarshen kwanakin da likita ya ce, kuma duk wanda zazzaɓi ya kama cikin makonni uku da dawowa ya je asibiti ya faɗi ƙasar da ya fito. Ma'aji kuma ya karanta wa ayari lissafi tun a filin jirgi, kafin kowa ya kama hanyar gidansa.